"Malama, Ta Fi Ƙarfina": Wa Ke Yi Wa 'Ya'yanmu Magana Idan Sun Tasa?

 

Wata ranar Asabar da yamma, an tashi ɗalibai ina haɗa littattafaina a ajinmu na Islamiyya da ke nan Tudun Wada, sai ga wata baiwar Allah ta shigo tana janye da 'yarta, wadda ɗalibata ce mai kimanin shekara 15. Ko gaisuwa ba mu gama ba ta ce, "Malama ga ta nan, don Allah ki zane min ita. Ta fi ƙarfina. In na yi magana ɗaya sai ta yi goma, in na aike ta sai ta ja min tsaki, jiya har babanta ta murguɗa wa baki." Ita kuwa yarinyar ta jingina da bango ta kafa wa rufin aji ido, kamar ba da ita ake ba. Na ba uwar haƙuri na ce ta tafi gida ta bar min ita. Ban dake ta ba, ban kuma yi mata wa'azi ba, domin na lura an riga an yi mata su har sun daina shigarta. Na dai ce ta riƙa tsayawa bayan an tashi tana taya ni duba rajista.

Sai da muka shafe mako biyu a haka kafin ta buɗe baki. Ashe watanni uku da suka wuce uwar ta ga saƙon wani yaro a wayar da ke hannunta, sai ta fito tsakar gidan da suke haya ta karanta shi da ƙarfi a gaban matan gidan da 'ya'yansu, ta kuma kira ta da sunan da ba zan iya rubutawa a nan ba. Yarinyar ta rantse min ko sau ɗaya ba ta taɓa ba yaron amsa ba. Ta ce, "Malama, tunda ta riga ta gaya wa duniya ni 'yar banza ce, me kuma ya rage da zan ji kunyarsa?" Na tambaye ta wa take gaya wa damuwarta a gida, ta ce babu kowa. Ita ce 'yar fari, uwar ba ta taɓa kiran sunanta ba, ba su taɓa zama su biyu sun yi hira ba. Ranar da ta fara ganin jinin al'ada ma, wata ƙawarta ce a makarantar boko ta yi mata bayani. Kakarta tana can ƙauye, sai da Sallah suke haɗuwa.

Mun riƙe alkunya, masu magana sun watse

Ba ina kushe alkunya ba ne, ni ma a cikinta na tashi. Amma mu tuna yadda tsarin yake a da. Uwa tana kunyar ɗan fari, ba ta kiran sunansa, ba ta jan sa a jiki a gaban mutane, sai dai ba a bar yaron haka kawai ba. Akwai kaka wadda ke kiran jikanta namiji mijinta, ta kira macen kishiyarta, kuma cikin wannan wasan babu abin da ba za ta iya faɗa musu ba. Akwai goggo, akwai kawu, akwai inna, akwai taubasai. Sau da yawa ma riƙon ɗan farin ake ba wani daga cikinsu. A waje kuma ga dattawan unguwa da suka ɗauki ɗa na kowa ne. Wato abin da uwa ta kasa faɗa saboda kunya, akwai bakuna biyar da za su faɗa a madadinta.

To ina waɗannan bakunan a yau? Tudun Wada tun zamanin Turawa unguwa ce ta baƙi, mutanen da suka baro garuruwansu suka zo Kano neman abinci, kuma har yanzu da yawanmu a nan da Gwagwarwa da Gama da Tudun Murtala haka muke zaune, ciki da falo a gidan haya, dangi suna nesa. Maigida ya fita Kantin Kwari ko Singa ko 'Yankaba tun da sassafe, ba zai dawo ba sai bayan Isha'i, a gajiye. Maƙwabci kuwa yana tsoron ya tsawata wa ɗan wani a ƙare a wurin 'yan sanda. Sai aka wayi gari alkunyar tana nan daram, amma waɗanda ke cike giɓinta sun watse. Yaro ya kai shekarun da ya fi bukatar a yi masa magana, ya waiwaya babu kowa, in ban da abokan majalisa da wayar da ke aljihunsa. Su kuwa ba sa gajiya da shi, ba sa hararsa, ko ƙarfe biyun dare ya neme su suna nan.

Na shekara fiye da goma ina koyarwa, kuma zan iya cewa kaɗan ne daga cikin yaran da aka kawo min da sunan sun gagara na samu babu wani abu a ƙarƙashin fitsarar tasu. Wani an yi wa uwarsa kishiya an daina kula su. Wata ana fifita ƙanwarta a kanta saboda ta fi ta ƙoƙari a makaranta. Wani ya kai aji uku na ƙaramar sakandare bai iya karatu sosai ba, ya gwammace a ce masa tsagera da a ce masa daƙiƙi, don haka kafin malami ya tashe shi karatu shi ya riga ya tayar da rigima an kore shi waje. Rashin kunyar da muke gani kamar zazzaɓi ne, wanda ke nuna akwai ciwo a wani wuri cikin jiki.

Akwai kuma abin da balaga kanta ke zuwa da shi. A darasin sanin halayyar yara da muka yi a kwalejin ilimi, an nuna mana cewa ɓangaren gaban ƙwaƙwalwa, wanda ke sa mutum ya tsaya ya auna abin da zai biyo baya kafin ya aikata, shi ne na ƙarshen nuna, ba ya kammala sai wajen shekara 25. Ɓangaren da ke tafiyar da fushi da sha'awa da son burge abokai kuwa tun farkon balaga ya farka. Shi ya sa za ki ga yaro ya yi abu, ki tambaye shi dalili ya ce bai sani ba, kuma sau da yawa gaskiya ya faɗa. Ga kuma barci. Likitoci sun ce matashi na bukatar awa 8 zuwa 10 a dare, kuma a waɗannan shekarun jikinsa ba ya jin barci da wuri. Ki lissafa ranar 'yarki: sallar Asuba, shara da wanke-wanke, boko har ƙarfe biyu, Islamiyya ƙarfe huɗu zuwa shida, girkin dare, wata ma da makarantar dare, sannan waya a ƙarƙashin bargo. Ke kanki in kin kwana uku ba ki yi barci sosai ba, yaya bakinki yake zama?

Kada wata ta ce Malama tana ba yara uzurin raina iyaye. A'a. Shari'a ta ɗora wa wanda ya balaga nauyin aikinsa, kuma Alƙur'ani a Suratul Isra'i ya hana ko da 'yar kalmar nuna ƙosawa ga iyaye, wannan kullum muna karantar da su. Sai dai wanda Allah Ya fara yi wa hisabi a matsayin mai hankali, mu ma ya kamata mu fara yi masa magana a matsayin mai hankali. Da yawanmu har yanzu muna yi wa ɗan shekara 16 irin tsawar da muke yi wa ɗan shekara shida.

Duka, baki, da gidan mari

Idan abin ya ishe mu, magani uku muka fi kai hannu gare su. Na farko duka. Ba zan tsawaita a kansa ba, tambaya ɗaya zan yi: ranar da ɗanki ya fi ki tsawo ya riƙe bulalar, me ya rage miki? Na ga iyaye mata da yawa da wannan ranar ta riska, kuma kukan da suke yi ya fi na yaron.

Na biyu baki, kuma shi ya fi ba ni tsoro. "Allah Ya tsine maka." "Ba za ki gama da duniya lafiya ba." "Da na san haka za ka zama da na yi ɓarinka." Muna faɗa cikin fushi, anjima mu manta, shi kuwa yaron ba ya mantawa. Imam Muslim ya ruwaito daga Jabir cewa Manzon Allah (SAW) ya hana mu yi wa kanmu da 'ya'yanmu da dukiyarmu mummunar addu'a, don kada ta dace da lokacin da ake amsawa. Mu Hausawa da muka fi kowa yarda da kaifin bakin uwa, mu ne kuma muka fi saurin sakinsa. Ko ba a kai ga tsinuwa ba, sunan da kika laƙaba wa yaro riga ce kika ɗinka masa. Ki yi ta ce masa ɗan iska, wata rana zai sa rigar ya fita da ita, kamar yadda ɗalibar nan tawa ta fara yi.

Na uku shi ne a tattara yaro a kai shi inda za a "gyara" shi. Ba mu manta da abin da ya faru a shekarar 2019 ba. A watan Satumba 'yan sanda suka shiga wani gida a unguwar Rigasa a Kaduna suka fito da mutane kimanin 300, manya da yara, wasu da mari a ƙafa, wasu jikinsu duk tabon duka. A watan Oktoba aka sake gano irinsa a Daura, kuma kafin shekarar ta ƙare gwamnatin Kano ta ba da umarnin rufe makarantun mari a jihar. Abin da ya fi taɓa ni shi ne yawancinsu iyayensu ne suka kai su da hannunsu, har suna biyan kuɗi. Ba na ce mugayen iyaye ba ne. Iyaye ne da suka rasa yadda za su yi, aka ce musu ga inda ake gyara, suka miƙa. Amma duk wurin da za a ce ba za ki ga ɗanki ba sai bayan watanni, ko ba za ki gana da shi ku biyu ba sai da mai gadi a tsaye, 'yar uwa ki ji tsoron wurin nan ko da da sunan addini aka buɗe shi.

Ga yadda Annabi (SAW) ya yi da wani saurayi, kamar yadda Imam Ahmad ya ruwaito daga Abu Umama. Saurayin ya zo cikin jama'a ya nemi a yi masa izinin zina. Ki duba girman wannan rashin kunya, a gaban wa, kuma a gaban su wa. Sahabbai suka taso masa da tsawa. Annabi (SAW) ya ce ya matso kusa, ya zaunar da shi, ya shiga tambayarsa ɗaya bayan ɗaya, ko zai so a yi haka da mahaifiyarsa, ko 'yarsa, ko 'yar uwarsa, ko goggonsa, ko innarsa. Kowacce saurayin ya ce a'a, ana nuna masa cewa haka sauran mutane ma ba sa so. Daga ƙarshe ya ɗora masa hannu ya yi masa addu'ar gafara da tsarkin zuciya da kamewa. Bai halatta masa komai ba, haram tana nan a haram. Amma ya jawo shi kusa a lokacin da kowa ke korarsa, ya bar shi ya kai ga amsar da bakinsa, ya kuma sallame shi da addu'a. Anas ɗan Malik ma ya yi wa Annabi (SAW) hidima shekara goma, daga yana ɗan kimanin shekara goma har ya kai ashirin, wato daidai shekarun nan da muke kuka da su, kuma ya ba da shaidar cewa bai taɓa jin kalmar ƙosawa daga gare shi ba.

To yaya za a yi?

Abu na farko da nake gaya wa iyayen ɗalibaina shi ne a raba gyara da tozarci. Duk faɗan da za ki yi, ki ja yaro ɗaki. Matashi zai iya jure hukunci mai tsanani in ku biyu ne, amma kalma ɗaya a gaban ƙannensa ko kishiyarki ko abokansa tana iya sa ya zaɓi ya mayar miki da martani don ya tsira da mutuncinsa. Kuma idan ya ɗaga murya, kada ki ɗaga taki. Ki ce masa, "Ba zan yi magana da kai a haka ba, sai bayan Magariba." Bayan Magariba kuwa ki tabbata kin yi maganar, kada ta bi ruwa.

Sannan ki rage yawan dokoki. Gidan da komai laifi ne, zaman yaro laifi, tafiyarsa laifi, askinsa laifi, ɗaurin ɗankwalinta laifi, yaro ba ya iya bambance babba da ƙarami, sai ya watsar da su duka. Ki zaɓi abubuwan da ba a sasantawa a kansu, kamar sallah a kan lokaci, lokacin dawowa gida, sanin inda aka je da wanda aka je da shi, ajiye waya idan dare ya yi, da rashin zagin na gaba. Ku zauna da maigida ku yarda a kansu, ku gaya wa yaron hukuncin karya kowacce tun kafin ya karya, kuma hukuncin ya zama wanda za ku iya zartarwa. Karɓe waya na kwana uku da aka cika ya fi rantsuwar "ba ke ba waya har abada" da za a warware jibi. Sauran ƙananan abubuwa ki riƙa kau da kai. A nan dole in faɗa mana gaskiya mu mata: ɓoye wa uba laifin ɗa har sai ya girma ya fashe, sannan a ce "ga ɗanka nan," yana cikin abin da ke lalata yara maza. Su ma iyaye mazan, in Allah Ya sa wani ya karɓi mujallar nan daga hannun uwargida, su sani cefane kaɗai ba ya tarbiyya. Ɗaukar yaro zuwa kasuwa ranar Asabar, ko tafiya masallaci tare ana hira a hanya, yana yin abin da bulala goma ba ta yi.

Ki kuma ba shi nauyi na gaske. Annabi (SAW) ya naɗa Usama ɗan Zaid shugaban runduna mai ɗauke da manyan sahabbai alhali bai kai shekara ashirin ba. Mu kuwa ɗan shekara 17 ba ma yarda mu ba shi kuɗin cefanen mako ya lissafa. Yarinyar da na sa ta duba min rajista, wannan ɗan aikin ne ya fara nuna mata akwai wanda ya yarda da ita.

Idan kuma kunya ba za ta bar ki ki yi wasu maganganun ba, to ki nemo bakin da zai yi, kada ki jira ya zo da kansa. Ki duba cikin dangi ko aminai ko malamai wanda yaron yake sake jiki da shi kuma kika amince da tarbiyyarsa, ki same shi ki ce, "Na ba ka amanar yaron nan, ka riƙa jansa da hira." Sharaɗin shi ne kada ya zama ɗan leƙen asirinki, duk abin da ya ji ya kawo miki, in ba abin da ke da hatsari ba. Mu malaman Islamiyya ma muna da namu laifin. Sau nawa muka tsayar da budurwa a gaban aji muka zane ta kan makara, ba mu tambayi abin da ya tsayar da ita a gida ba? Na yi hakan a farkon koyarwata, kuma akwai wadda tun ranar ba ta sake dawowa ba. Har yau ina tunaninta.

Akwai inda abin ya wuce na hira. Idan kika ga yaro ya canza gaba ɗaya cikin ɗan lokaci, barcin rana ya yi yawa, ido ya yi ja, magana tana jan harshe, kuɗi da kaya suna ɓacewa a gida, abokai sun sauya, to ki yi tunanin shaye-shaye, kuma kada ki ce ai mace ce. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a farkon 2019, ya nuna mutane miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 ne suka yi ta'ammali da ƙwaya a Nijeriya cikin shekara guda, kuma ɗaya cikin kowane huɗu mace ce. Gwamnatin Tarayya ta haramta haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin a watan Mayun 2018, bayan wani rahoton BBC da aka ɗauki wani sashensa a nan Kano, amma ba kodin kaɗai ake sha ba. Haka nan yaron da ya daina cin abinci, ya ƙaurace wa mutane, yana yawan kuka ko yana ambaton gara ya mutu, wannan ba taurin kai ba ne, yana iya zama ciwon damuwa. Ba komai ne aljanu ko sammun kishiya ba. A yi addu'a da ruƙiyya ta shari'a, a kuma je asibiti, ɗaya ba ya hana ɗaya. Akwai sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, akwai kuma asibitin Dawanau, kuma zuwa can ba ya nufin an ce ɗanki mahaukaci ne. Sannan yarinya ko yaron da ya kafe rana ɗaya ya ce ba zai ƙara zuwa gidan wane ko ajin wane ba, kafin ki kira shi mara kunya ki zaunar da shi a hankali ki tambaye shi me ake yi masa a can.

Ita kuwa uwar ɗalibata, da na kira ta na gaya mata abin da ke cin 'yarta, sai da ta yi kuka. Ta ce ita ma haka aka yi mata tana yarinya. Na ce ta ba 'yar haƙuri kan abin da ya faru a tsakar gida. Ta ce, "Malama, ni in ba ta haƙuri? Da wane ido?" Sai muka yi dabara. Na ce ta daina tura ta gidan kitso, ta riƙa yi mata da kanta duk ranar Alhamis da ba a zuwa Islamiyya, domin mai kitso da wadda ake yi wa ba sa haɗa ido. A kitso na uku ne, tana riƙe da kanta ta baya, ta iya ce mata abin da ta yi ranar nan bai dace ba, ta yafe mata.

Har yanzu ba ta iya kiran sunanta ba, ta dai raɗa mata wani laƙabi da take kiranta da shi. Tsakin ma bai ƙare duka ba, uwar ta ce wani lokacin yakan kuɓuce. A makon jiya yarinyar ta kawo min wayar tata da kanta, ta nuna min wani sabon saƙo da aka turo mata, ta ce ta riga ta nuna wa Umma, Umma ce ta ce ta zo ta ji me zan ce.